Abin da Inna Ta Riƙa Sawa a Kwanon Dubiya

Sallama ga duk wanda wannan rubutu ya faɗo hannunsa. Inna ta warke, wannan shi ne na farko, don kada wani ya karanta yana jiran ta'aziyya a ƙarshe. Tana nan tana cin tuwonta, tana yi mini faɗa kamar da. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne gidaje da yawa a Mafara da Bakura suna da irin majinyaciyar da muka yi, kuma irin ƙwayar da aka ba mu tana yawo hannu zuwa hannu. Sunan maganin ba zan rubuta ba. Na san halinmu, wata za ta kwafe shi a takarda ta nufi kemis.

Mu mutanen Gidan Goga ne. Babanmu ya daɗe da rasuwa, mu biyu muka rage wa Inna: Yaya Sanusi, da ke aiki a injin casar shinkafa nan Mafara, sai ni Balki. A hannunsa na yi sakandare, yanzu ina koyon ɗinki. Inna ita kaɗai ta zauna a ƙauye, ta ce ba ta barin ɗakinta. Ranar da ɓarayin daji suka shigo wajensu, ta bi sauran mata suka faɗa gonar dawa, suka kwanta rub da ciki har ƙarar ta lafa. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Daga nan ta wuce Maradun gidan Kawu, ƙaninta, kowa yana ta barka.

Ciwon bai zo nan take ba. Sai da ta huta, ta fara cin abinci sosai, sannan ya tashi. Tana zaune lafiya sai gabanta ya faɗi, zufa ta keto mata, hannu ya kama rawa, ta ce numfashinta ba ya isa ƙasa. Barci ya ƙaurace mata. Idan an buga ƙofa da ƙarfi sai ta miƙe tsaye tana neman takalmi. A Maradun aka fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato taifot da maleriya. Ta sha allurai da ƙarin ruwa a hannun mai kemis. Da bai yi ba aka ce olsa ce, aka hana ta yaji. Kawu ya ce iska ce ta shafe ta a gonar, aka kawo rubutu da hayaƙi. Ni ban raina addu'a ba, har yau muna yi. Amma da na je duba ta na tarar ɗakin ya cika da hayaƙi, ga mace tana cewa ba ta iya numfashi, na ce wa Kawu a buɗe taga ko in ɓalle ta. Ya ce 'ya'yan boko ba su da ladabi. Washegari muka taho da ita Mafara. Abin da aka ɓatar a kemis da wajen masu hayaƙi ya fi duk abin da asibiti ya ci mana daga baya.

Asibiti kuwa sai mai haƙuri, ni kuma ba ni da shi. Tun da sassafe muka kama layin kati, daga nan layin awon jini, daga nan layin ganin likita, ana ta shigar da 'yan alfarma ta gefe. Na yi tsaki har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙadangare na haɗiye. Sai bayan azahar muka shiga. Likitan ya duba awon, ya saurari ƙirjinta, ya ce zuciyarta lafiya lau, jininta ma bai hau can ba. Sannan ya ajiye biro ya tambaye ta abin da ba wanda ya tambaye ta tun da ta fito: me ta gani, me ta ji a gonar nan. Sai hawaye suka zubo wa Inna. Ya ce tsoro ne ya zauna mata a jiki ya ƙi fita, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani.

Magani biyu ya rubuta. Na safe, wanda ya ce ba ya nuna aikinsa sai ya kusa wata, kuma shi ne mai gyaran na gaskiya. Sai wata 'yar ƙaramar ƙwaya da za ta sha in za ta kwanta, mai kwantar da jiki nan take. A kan wannan ƙaramar ya ja mini kunne. Guda ɗaya, ba ƙari ko da ta roƙa. Kada a haɗa ta da maganin tari mai sa barci, ko maganin ciwon jiki mai ƙarfi, ko wani abin sa barci. In ta sha, ba ita ba murhu, ba ita ba bakin rijiya. Kada a ba kowa. Sati biyu kawai, mu dawo. Maganarsa ɗaya ta zauna mini: “Wannan aro na ba ta kafin na safen ya kama aiki. Aro kuwa ana mayarwa.”

Satin farko kamar an yi mana kyauta. Inna ta yi barci har da minshari. Ta tashi ta yi wanka, ta nemi man shafawa, ta ce miyata ba gishiri. Da na ji ta fara kushe girkina na san sauƙi ya samu. Ni ke ba ta maganin da hannuna, amma kwana kaɗan ta ce ita ba jaririya ba ce da za a riƙa ɗura mata, in ba ta abinta. Yaya ya ce in ba ta, kada in ɓata mata rai tana farfaɗowa. Na miƙa mata 'yar ledar asibitin, ta jefa cikin gwangwanin goronta. Ni kuma na koma shagon ɗinki, tun safe sai la'asar.

A unguwarmu akwai matan Gidan Goga da yawa da gudun hijira ya zubo, wasu a ɗakin haya, wasu a gidajen dangi. Da labari ya bazu cewa Inna ta samu barci, sai dubiya ta ɓarke. Wannan ta zo da fura, waccan da kunu, wata da ɗan ɗumame a langa. A cikinsu har da Iya Dije, aminiyar Inna tun suna amare, wadda suka kwanta kafaɗa da kafaɗa a gonar dawar. Na ji daɗin zuwansu, don suna ɗebe mata kewa. In na dawo nakan tarar an wanke kwanuka an mayar, ban taɓa tambayar komai ba.

Ana saura kwana kaɗan mu koma asibiti sai 'yar Gwaggo Hure ta haihu a Bakura. Gwaggo Hure ƙanwar babanmu ce, macen da ba a ce mata a'a. Ta aiko a kawo mata Inna suna, ta ce canjin wuri ma magani ne. Yaya ya sa ta a mota da sharaɗin ta dawo kafin ranar likita. Ranar ta zo ta wuce. Na buga waya, Gwaggo ta karɓe ta ce hanya ba kyau kwanan nan, kuma Inna garau take, me za a je a nuna wa likita, ƙiba? A lissafina ƙaramar ƙwayar ta riga ta ƙare, na safen kuma akwai saura. Na ce to, shi ke nan, an rabu da ita lafiya. Haka Inna ta share fiye da sati uku a Bakura.

Matar da ta dawo mana ba ita muka aika ba. Maganarta ta yi nauyi kamar mai tauna ɗanko. Tana tafiya tana dafa bango. Ta tsaya sallah ta sallame ta tambaye ni raka'a nawa ta yi. Ta ɗora ruwan zafi ta manta har tukunya ta ƙone. In na yi magana ta ce gajiyar biki ce. Yaya ya ce tsufa ne. Wane irin tsufa ne ke zuwa cikin wata guda? Da yamma kuma sai ta kasa zama, ta yi ta kai da kawo tana duban rana, da an yi isha'i ta shige ɗaki ta ja labule. Matan dubiya suka dawo da kwanukansu, har sun fi da.

Wani hantsi ina kan keken ɗinki a shago sai ga surukar Iya Dije, mayafi a hannu, ta ce in zo asibiti. Tsohuwar ba ta tashi sallar asuba ba. Sun ɗauka gajiya ce, har rana ta fito tana wani irin minshari mai tsayawa, an girgiza ta an yayyafa mata ruwa ba ta motsa ba. Na tarar da ita a gado, an sa mata robar iska a hanci, leɓenta ya yi duhu. Wata nas, Kirista ce da ta daɗe a Mafara, kowa Sista yake ce mata, tana ta tambayar abin da ta sha. Surukar ta ce maganin tari ne kawai, kwana biyu tana fama da mura. Sista ta ce a duba jikinta. A bakin zaninta aka kwance wani ƙulli, ga ƙwayoyi a ciki. Sista ta tambayi inda ta samo su. Surukar ta kalle ni, ta sunkuyar da kai, ta ce a kwano suke zuwa, daga wajen Innarmu.

Ban san lokacin da na iso gida ba. Na wuce Inna a tsakar gida na ɗauko gwangwanin goro na zazzage a tabarma. Ga ƙwayoyi nan cike da leda, ba irin na asibiti ba, launinsu daban. Ga kuma na safen, kusan yadda na ba ta shi. A nan komai ya fito. Tun satin farko, duk wadda ta kawo abu, Inna sai ta ƙulle ƙwaya ɗaya a 'yar takarda ta sa a kwanon kafin ta mayar. Shi ya sa nata ya ƙare tun kafin lokaci, ciwon ya dawo mata a Bakura fiye da da. Gwaggo Hure ta ɗauki ledar asibitin mai sunan maganin a jiki ta kai wa wani mai kemis, ya ba ta ba takarda ba tambaya, har ya ce wannan ya fi na asibiti ƙarfi. Gaskiya ya faɗa. Na safen kuwa Gwaggo ta ce a bar shi, maganin da ba a jin aikinsa ɓata ruwa ne. Inna ta fara da ɗaya, da ta daina jin ta sai ta koma biyu.

Na ce mata, “Inna, Iya Dije na can ba a san ko ta tashi ba. Likita bai ce kada a ba kowa ba? A gabanki ya hwaɗi haka.”

Ta kalli ƙwayoyin a tabarma. Sannan ta ce, “Ke Balki, a Gidan Goga kin taɓa ganin kwano ya hita ɗakina wohi? Ko daddawa, ko kuka, ko 'yar gujiya, sai na sa. Nan mi gare ni? Tabarmar ga ta yayanki ce. Mata sun hana cikinsu sun kawo min hura, in miƙa musu kwano da iska? Kuma ciwonmu guda da su. Gona guda munka kwanta. Ni in yi kwana, Dije na zaune ido biyu?”

Na tattara ƙwayoyin na nufi masai da su. Yaya, da ya shigo lokacin, ya ce in zuba kowa ya huta. Har na ɗaga murfin, sai na ga gara in kai wa likita ya ga irin abin da ta sha, tunda launinsu ma ban gane ba. Allah ne ya tsare. Da muka koma da ita washegari, likitan ya juya ledar, ya tambayi tsawon lokacin da ta yi tana sha da yawan da take sha, ya ce da na zubar na yanke mata lokaci guda, da jijjiga za ta iya kama ta, wasu har rai suke rasawa. Jikinta ya riga ya saba. Wanda ya wuce sati biyu yana shan irin wannan, ba ya ƙarawa da kansa, ba ya kuma dainawa da kansa. Sai an sauko da shi a hankali kamar mai saukowa daga kan rumbu. Bai yi mata faɗa ba. Ni ce na so ya yi, ya ƙi.

Iya Dije ta farka da yammacin ranar da aka kai ta. Biyu ta haɗiya ta bi da maganin tari, don a da biyu na asibitin take haɗawa, ba ta san na Bakura sun ninka ƙarfi ba. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya cire mata ɗankwali a gaban maza.

Aiki mafi muni a jinyar nan ni na yi shi, wato bin gidaje karɓo kyautar da uwata ta bayar. Wanda ya san mutanenmu ya san girman wannan abin kunya. Sai an yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi mai jiki, an tambayi gajiya da zafi da labarin gida, sannan in buɗe baki in ce ƙwayar nan da Inna ta sa a kwano na zo karɓa. Wata ta ce ta shanye. Wata ta ce ita ba a taɓa yi mata haka ba, ta jefo mini a ƙasa. Wata ta ce ai mai gidanta take ba wa, shi ma ba ya barci, kuma kabu-kabu yake yi tsakanin Mafara da Bakura. Na ce ta gaya masa yana ɗaukar 'ya'yan mutane a bayansa da barci a idonsa, in ba ta iya ba ni zan tare shi a tasha. Duk wadda na ga ta daɗe tana sha ban karɓe nata ba, na ce ta biyo mu asibiti da shi a hannu. Wasu sun zo, wasu sun ce ba mahaukata ba ne su. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, ta ce na tona mata asiri a gari.

Daga nan aka shiga saukowa. Likita ya mayar da ita kan na asibiti, na sati guda kawai ake ba mu, kuma a jakata yake kwana. Duk sati ko biyu ya rage kaɗan. Na safen aka sake fara shi daga farko, ina tsaye sai ta haɗiye ta buɗe baki na gani. Satin farko da sauƙi. Na biyu ne muka ji jiki. Zufa, ciwon kai, ƙarar cokali ma tana damunta, ga faɗa. Ta kira ni mai zuciyar dutse, ta ce ko ɓarayin daji sun fi ni imani, ta ce za ta ga mijin da zai iya zama da ni. Na ce in ya zo ta gaya masa da kanta, yanzu dai rabi ne ba ƙari. Da rana nakan same ta tana lalube a aljihun rigunan da na rataye. Wannan ya fi zagin ciwo a wurina, don Inna ba ta taɓa taɓa kayan wani ba.

Sista ce ta riƙe mu a wannan tsakanin. Duk zuwa sai ta ja Inna gefe su yi hira, ta koya mata jan numfashi a hankali in gaban ya fara faɗuwa, ta ce ta riƙa taka ƙafa da safe, ta rage barcin rana. Sai ta gano goro. Inna tana cin goro tun safe har dare, shi kuwa yana ƙara bugun zuciya yana kore barci. Aka ce daga azahar ba goro. Wallahi rage ƙwayar bai ɓata mata rai kamar wannan ba. Ta ce Sista ba ta san daɗin duniya ba, Sista ta ce ta yarda, amma a bar goron.

Sista ce kuma ta tambayi Inna sana'ar da hannunta ya saba da ita a gida. Inna ta ce daddawa, har daga wasu garuruwa ake aikowa saye. Ranar Talata Yaya ya shigo daga kasuwa da kalwa a buhu. Inna ta duba ta ce an cuce shi, rabi tsakuwa ce, amma kafin magariba ta sa ni nemo itace. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta bar ta ta kwana biyu. Warin ya kai bakin titi. Mai gidan da muke haya ya aiko a tambaya ko wani abu ya mutu, Inna ta aika masa da curi uku, bai sake magana ba. Tun daga nan kwanukan dubiya suka samu abin komawa da shi, kuma aikin yana gajiyar da ita yadda barci ke zuwa da kansa.

Ba a miƙe aka tafi ba. Muna tsakiyar ragewa labari ya zo cewa an sake shiga wani ƙauye kusa da namu. Ciwon ya taso mata kamar farko. Ta riƙe hannuna ta ce in ba ta guda cikakkiya, yau kaɗai, don darajar nonon da na sha. Wannan ita ce rana mafi wuya. Ban ba ta ba, kuma ban san ko daidai na yi ba sai da gari ya waye muka je. Likita ya ce ba za a koma sama ba, amma ba za a rage ba wannan satin, a tsaya inda ake har ƙafarta ta yi ƙarfi. Muka tsaya sati biyu a wurin, sannan aka ci gaba. Lokacin na safen ya fara kama aiki, faɗuwar gaban ta ragu, in ta zo ma ba ta daɗewa.

Ina godiya ga likitan nan da Sista, Allah ya saka musu, ya ba su haƙurin zama da irina. Ina godiya ga Yaya da bai taɓa cewa ya gaji ba. Amma ina da ƙorafi. Duk jan kunnen ranar farko ni aka yi wa, Inna tana gefe kamar kaya, alhali ita za ta sha. Da an dube ta an gaya mata cewa wannan ƙwayar na iya kashe tsohuwa mai shan maganin tari, ko kusa ba za ta sa wa Dije a kwano ba. Mai kemis ɗin Bakura kuwa na bar shi da Allah, bayan na je na faɗa masa abin da ke bakina a gaban masu sayayya. Gwaggo Hure har yau tana cewa taimako ta yi. Na yarda da niyyarta, amma na ce mata nan gaba ta taimaka da addu'a.

Ga masu jinya irin tawa: maganin ba mugu ba ne, shi ya fara ba uwata barci lokacin da muka rasa yadda za mu yi. Amma ku riƙe shi a hannunku, ku koma ranar da aka ce ku koma ko da mai jikin tana rawa a gidan biki. In tsohuwarku mai kyauta ce, ku duba abin da take bayarwa. In kuma an riga an zarce, kada a zubar, a kai wa likita.

A ƙarshe an sauko da ita har kwata, ɗan ɓalli da sai na sa reza nake fitar da shi, kuma likita ya ce duk ranar da ta kwana ba shi, an gama. Wata safiya ina neman allurar keke a jakata sai na ci karo da ƙullin jiya, ban ba ta ba. Ni na manta, don na yi ta fama da ɗinkin wata amarya. Ita ma ba ta tambaya ba. Na leƙa na same ta a tsakar gida tana tsince kalwa, na tambaye ta yadda ta kwana. Ta ce lafiya lau, sai da kiran sallah ya tashe ta, mi ya faru kuma. Na buɗe tafin hannuna na nuna mata.

Ta kalli ɗan ɓallin, ta kalle ni, ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, “To haɗiye shi ke, ko mu samu mu huta da bakinki.”

Na ce, “Inna, ashe har yanzu ba ki bar rabon magani ba.”

Ta yi dariya har kalwar ta zube daga faifan. Rabon da in ji wannan dariyar tun tana Gidan Goga. Na durƙusa ina taya ta kwashewa, tana ce mini in yi a hankali, ina haɗa mata da tsakuwa.